Ƙurar Tauraron da Ya Fashe

Akwai wani mutum, masanin taurari, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana duban gurbin wani tauraro da ya fashe tun kafin a haifi kakannin kakanninsa. Duk sa'ad da ya kafa madubin hangen nesa, ba ya ganin kome sai duhu da ɗan hayaƙi-hayaƙi.

Ana nan sai aka kawo wata na'ura wurin aikinsu. Ita ba hasken da ido ke gani take bi ba, ɗumin da abu ke fitarwa take kamawa. Masu bukatarta suna da yawa, saboda haka aka ba kowa dare ɗaya tak.

Wani abokin aikinsa ya zo ya ce masa, "Malam, ka tsufa kana gadin kabari. Ga taurari masu rai birjik, ka zaɓi ɗaya. In ka ɓata wannan dare, ba za a sake ba ka ba."

Masanin ya san gaskiya ce. Amma ya ce, "Abu mai girma haka ba ya ɓacewa ɓat. Abin da ya fito daga cikinsa yana nan wani wuri."

Ya juya na'urar wajen gurbin nan. Da hoton ya fito, sai ga ƙura tuli, ja wur kamar garwashi a ƙarƙashin toka, har yanzu da ɗuminta. Ya zauna, ya kira abokin.

Abokin ya duba ya ce, "Ai ƙura ce kawai."

Ya ce, "I, ƙura ce. Da irinta ake gina sababbin taurari da duniyoyi."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Tauraron nan shi ne mutumin da rayuwarsa ta tarwatse: wanda aka sallama daga aiki, wadda ta binne mijinta, wanda ya yi abin kunya har ya daina zuwa sujada. Mu muna dubansa da ido, mu ce ya ƙare. Allah kuwa yana ganin ɗumin da ya saura, da ragowar nan kuma zai yi sabon gini. Kowannenku ya san wani irin wannan a unguwarsa. Kafin Lahadi ta kewayo, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofarsa.