Ƙarangiya a Ƙofar Gidan Nomau

Dalilin da ya sa ƙarangiya take da ƙaya, take kuma bin mutane gida-gida a bakin zane da ƙafar wando, ba wai da mugunta aka halicce ta ba. Mutum ne ya jawo mana, kuma mutumin da yake ganin duk garinsu ba wanda ya kai shi sanin ya kamata. Ku matso ku ji. Kai kuma da kake ta sosa dunduniya, bari haka nan, labarin wadda ta soke ka za a ba ka.

A can da, ƙarangiya ba ta da ƙaya ko ɗaya. 'Ya'yanta laushi gare su kamar audugar rimi, har yara kan yi birgima a kanta su tashi ba abin da ya same su. Ba ta yawo kuma. Inda ta tsiro nan take tsufa, sai dai in iska ta ɗan tura 'ya'yanta gaba kaɗan. A wancan zamanin ciyayi suna magana, amma ba kowa suke tanka wa ba.

To, a wani ƙauye akwai wani mutum ana ce da shi Nomau. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, rumbunsa ma haka, sai dai yana da abu guda da ba mai irinsa, wato ciyawar ƙofar gida. Kiri-kiri ce ya je fadama ya ciro da saiwarta, ya dasa tun daga bakin zaure har gindin durumi. Da rani ya ja guga ya ba ta ruwa, da damina ya bi ta da lauje yana daidaita mata kai. Ta yi kore shar, ta kwanta luf. Ba ya ba akuya, ba ya ba jaki, kaza ma in ta taka sai ta sha jifa. Da farko mutane dariya suke yi masa, suna cewa ina amfanin ciyawar da dabba ba ta ci. Amma da dattawa suka ɗanɗana zama a kanta da hantsi, sai hira ta dawo ƙofar gidan Nomau. Daga nan kansa ya kumbura. Da a raba shi da ciyawar nan, gara a ce rumbunsa ya ƙone.

Maƙwabcinsa kuwa Jatau ne. Jatau ba mugu ba ne, ba ya faɗa da kowa, lalaci ne kawai ya yi masa katutu. Fartanyarsa tana rataye a zaure har gizo-gizo ya yi mata rumfa. Filin da ke gefen gidansa ya zama daji, kuma a nan ƙarangiya take zaune da 'ya'yanta da jikokinta. Tsakanin filin Jatau da ciyawar Nomau ba komai sai wata tsohuwar dangar kara duk ta huhhuje.

Ran nan da safe Nomau yana zagaya ciyawarsa sai ya ga wani tsiro da ba shi ya dasa ba. Ya duƙa ya duba, ƙarangiya ce. Ya tuge ta, ya waiga hagu da dama, ya wurga ta bayan danga. Kashegari ya ga wasu, ya tuge ya wurga. Haka ya yi ta yi har abin ya zame masa aikin safe, yana tugewa yana tsaki.

Ana nan sai Jatau ya leƙo ta kan danga, fuskarsa cike da fara'a.

"Maƙwabci, ina kwana? Ashe kai ne kake jefo wa akuyata ciyawa kullum? Kai, Allah ya saka da alheri. Irinku sun yi ƙaranci."

Nomau ya ji kamar ya haɗiye harshensa don haushi, amma ya washe baki ya ce, "Haba Jatau, ai yi wa kai ne."

Da ya shiga gida ya huce a kan matarsa Kande. Ya zagi Jatau, ya zagi akuyarsa, ya zagi wanda ya sayar masa da akuyar. Kande tana tankaɗe, ta bari ya gama tukuna.

Ta ce, "Malam, mutumin nan fa ko tari ya yi muna ji. Ka leƙa ka ce masa ya nome filinsa, shi ke nan."

"Ni? In buɗe baki in yi wa maƙwabci ƙorafi a kan ciyawa? Ina kara, ina kunya? Mai hankali ai gani yake yi ya gane."

"In bai gane ba fa?"

"Ke dai yi tankaɗenki."

Sai Nomau ya koma habaici. Ya ja jakinsa ya ɗaure a jikin danga, ya ɗaga murya yana yi masa wa'azi. "Kai jaki, ka ji mutanen zamani. Wani sai ya bar ƙofar gidansa ta zama kurmi, ƙazantarsa tana shiga gidan mutane, shi ko a jikinsa."

Jatau yana kwance a inuwa ta can ɓangaren, ya amsa da ƙarfi, "Wallahi gaskiyarka, maƙwabci! Mutanen yanzu sai addu'a." Ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Da habaici ya ƙi ci, Nomau ya ɗauki gatari ya shiga daji. Ya saro ƙayar magarya da ta sarƙaƙiya, ya yi ta jawowa yana jibgewa a jikin danga, har shingen ya fi shi tsawo. Yana cikin aikin sai ƙarangiya ta yi masa magana daga filin Jatau.

Ta ce, "Nomau, 'ya'yana ba su da ƙafa, iska ce take tura su. In ka tare hanya da ƙaya, ta cikin ƙayar za su bi. Ga mai filin nan kwance, ka yi masa magana mana."

Nomau ya ce, "Ban yi magana da mai gida ba, sai da 'yar zaman banza? Rufe mini baki."

Ta rufe. Da iska ta taso, ta kwashi 'ya'yan ƙarangiya ta cusa su cikin shingen. Suka yi ta kutsawa, tsinin ƙaya yana kakkaryewa yana maƙalewa a gashinsu mai laushi. Ko da suka faɗo ta ɓangaren Nomau, kowane ɗa ya fito da ƙaya ta ko'ina, ba wurin da za ka kama shi. Nomau ya kai hannu zai tsince su kamar yadda ya saba, sai ga shi yana tsalle yana yarfe yatsu. Waɗanda bai tsinta ba suka kama bakin rigarsa suka yi shiru.

To, ku san wani abu game da karar Nomau. A gaban Jatau kaɗai take aiki. Da ya ba da baya, bakinsa ba ya rufuwa. Ya je gidan maƙeri ya zauna a tabarma ya ce Jatau ya kashe shi da ƙazanta. Ya je gidan masaƙi ya ce Jatau ko kare ya fi shi zuciya. Ya bi ta wurin wanzami, ya tsaya bakin rijiya, ya shiga zauren liman, ko'ina maganar ɗaya ce, kuma ko'ina sai ya ƙare da cewa, "Amma don Allah kada ya ji, ka san ni ba na son tashin hankali." Duk inda ya zauna kuwa, in ya tashi ya kaɗe riga, sai ya bar 'ya'yan ƙarangiya a wurin.

Da damina ta zagayo, garin ya rikice. Ƙarangiya ta tsiro a kowace ƙofar gida. Yara suna kuka da ƙafa, mata suna tsintar ta a bakin zane, tumaki suka koma kamar an yi musu ado da ita. Liman ya shimfiɗa buzu ya zauna, ya miƙe da salatin da bai shirya ba. Ciyawar Nomau kuwa ta fi kowa shan wuya, don ita ce a bakin shinge. Rabinta ya tafi, dattawa suka fara zuwa da tabarmi, wasu ma suka daina zuwa. Nomau ya rame. Tausayinsa ma sai ya kama ka, in ba ka san shi ba.

Sai Sarkin Noma, wanda maganar gona da ciyawa take hannunsa, ya sa aka tara mutane a gindin durumin Nomau. Aka je aka taso Jatau daga barci, ya zo yana hamma, ya rataya fartanyarsa a kafaɗa don kada a ce ba shi da ita. Sarkin Noma ya dubi wani tushen ƙarangiya da ya tsiro a tsakiyar ciyawar.

Ya ce, "Ke baiwar Allah, da can muna zaune lafiya da ke. Wa ya ba ki ƙaya, wa kuma ya raba ki gida-gida?"

Ƙarangiya ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙaya dai ga shingen da na samo ta, a tambayi wanda ya kafa shi. Yawo kuwa ni ba ni da ƙafa, a riga aka ɗauke ni. An kai ni gidan maƙeri, na ji an ce Jatau ƙazami ne. An kai ni gidan masaƙi, na ji an ce kare ya fi shi zuciya. A zauren liman kuwa abin da na ji ba zan iya maimaita shi a gaban manya ba."

Maƙeri ya sunkuyar da kai, masaƙi ya shiga gyaran hula. Nomau ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Jatau kuwa ya buɗe baki yana kallonsa, don shi har ga Allah bai taɓa sanin akwai wata magana ba.

Sarkin Noma ya ce, "To, abin da ya wuce ya wuce. Yanzu me za a yi ki ajiye ƙayar nan?"

Ta ce, "Ƙayar nan ba tawa ba ce, nauyi ma take yi mini. Zan zubar da ita yau, Jatau ya nome ni, in tattara 'ya'yana in koma daji. Abu ɗaya nake so. Abin da Nomau ya faɗa wa duk gari, ya dubi Jatau ya faɗa masa, cewa ina damunsa. In ya faɗa, na tafi. In kuwa bai faɗa ba, ke nan ba na damun kowa, ƙaya ta zama tawa, kowane gida kuma gidana ne."

Mutane suka yi ajiyar zuciya, suna cewa ai wannan mai sauƙi ne. Jatau ya sauke fartanya daga kafaɗa, ya matso gaban Nomau.

"Maƙwabci, ashe ciyawar nan tana damunka? In tana damunka ka faɗa, yanzun nan in nome ta."

Daga cikin zaure aka ji muryar Kande, "Malam, faɗa mana!"

Nomau ya dubi ragowar ciyawarsa, ya dubi idanun da suka yi masa caa. A ransa ya ce, in na amsa tun a tambayar farko, sai a ce dama jira nake, ba ni da kara. Ai ko tuwo aka yi wa mutum tayi, sai ya ce alhamdulillahi tukuna, in an sake tayi sannan ya wanke hannu. Bari in ƙi sau ɗaya, in ya nace sai in amsa da mutuncina.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Jatau, wane irin damu kuma? Ciyawa ce fa. Ai ba komai."

Ya tsaya yana jiran tayi na biyu. Abin da ya manta shi ne, Jatau tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin abu sau biyu ba in sau ɗaya ya isa.

Jatau ya ce, "To madalla! Har na ji sanyi, dama bayana ciwo yake." Ya mayar da fartanya kafaɗa ya juya.

Nomau ya ga fartanyar da za ta ceci ciyawarsa tana tafiya a kafaɗar mutum. Ya ƙwala kira, "Jatau!"

Jatau ya waigo. "Na'am, maƙwabci?"

Bakin Nomau ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Duk gari ana kallonsa.

Ya ce, "A gai da gida."

Ƙarangiya ta yi dariya har 'ya'yanta suka zube. Sarkin Noma ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce shi dai kowa ya ji da kunnensa, ba abin da zai ƙara. Kande kuwa ranar ba ta ɗora tukunya ba. Kafin kaka ƙarangiya ta cinye kiri-kirin nan ƙurmus, ko tsinke bai rage ba. Dattawa suka mayar da hirarsu ƙofar gidan maƙeri, aka bar Nomau shi kaɗai a gindin durumi yana cire ƙaya daga tafin ƙafa.

Shi ya sa har yau ƙarangiya ba ta ajiye ƙayarta ba, kuma ba ta san iyakar gidan wani da na wani ba. Ta daina magana tun ranar, don ta ga mutane ma ba su ɗauki magana a bakin komai ba. In ta tsiro a filin maƙwabci, ku sa ido, gidanku za ta kwana, kuma mai gidan zai faɗa wa kowa a unguwa ban da mai filin. Jikokin Nomau kuwa ba su ƙare ba. Za ku ga mutum ya taka ta a ƙofar gidan maƙwabcinsa, ta shige masa har tsoka, a ce masa sannu, ya ce ba komai, ya tafi yana ɗingishi.