Jelar Kurege da Giwan Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ko da jiƙe take!

To ku matso, kai mai gyangyaɗi ka gyara zama. Akwai wani tafki babba, wanda in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Masuntan wurin duk dabbobi ne, kuma ba su jefa taru. Cokali mai ƙyalli suke ɗaura wa igiya, a bayansa kamar kamu guda su ɗaura gashin tsuntsu da fatsa ɓoye a ciki. Sai a saki igiya a bayan kwale-kwale, a yi ta tuƙi a hankali. Cokali na juyi yana walƙiya, babban kifi ya taso ya ga abin da ke haske, ya tarar da gashi yana rawa, ya kai masa hambaɗa. Shi ke nan, miya ta samu.

Kowa da haɗin da yake rantsuwa da shi. Damo ya ce jan cokali da gashin zakara. Bushiya ta ce ƙarya ne, cokalin tagulla da gashin agwagwa. Kullum a bakin gaɓa musu har da kumfar baki. Amma in giwan ruwa ake so, wato sarkin kifin tafkin, kowa ya san farin cokali da gashin Zabuwa ne maganinsa.

Farin cokalin nan kuwa na Kurege ne. Kada ku tambaye ni inda ya samo shi, an dai yi wani suna a unguwarsu, kuma har yau masu gidan suna cigiya.

Al'adar tafkin ita ce a raba kifi uku. Kai na mai tuƙi, tsakiya ta mai gashi, wutsiya ta mai cokali. Tsoho Kunkuru ke tuƙi, Zabuwa ke kawo gashi, Kurege ke kawo cokali. Kullum Zabuwa ta tafi gida da tsoka mai maiƙo, Kurege ya tafi da ƙaya. Abin nan yana ci masa rai ƙwarai, har ya fara ramewa.

Wata safiya Zabuwa ta iso da gashinta, sai Kurege ya tare ta.

"Inna Zabuwa, yau ki huta. Kifayen nan sun gane gashinki, dariya ma suke yi masa."

Zabuwa ta ce, "Au, haka suka faɗa maka?"

"Da bakinsu."

"To, Allah ya ba da sa'a." Ta juya abinta.

Suka shiga ruwa, Kunkuru na tuƙi. Kurege ya kama jelarsa, jelar nan buzu-buzu da yake taƙama da ita a gari, ya fizgi gashi ɗaya. Wayyo, zafi! Ya ce a ransa, don me zan tsige abina? Sai ya ɗaura cokali a gindin jelar, ya juya baya, ya zura ta cikin ruwa dungurungum. Ga cokali nasa, ga gashi nasa. Tsakiya tasa, wutsiya tasa.

Kunkuru ya dube shi. Shi kuwa Kunkuru maganarsa kamar tafiyarsa take.

"Kurege... ni dai... da ni ne..."

"Baba Kunkuru, yi tuƙi. Ka ƙarasa in mun koma."

Aka yi ta tuƙi, cokali na walƙiya, jela na rawa. Aka yi ta tuƙi, cokali na walƙiya, jela na rawa. Kurege har ya fara lasar baki.

"Kurege... da ni ne... da na..."

Caraf! Giwan ruwa ya cafke jela.

Kurege ya ƙanƙame bakin jirgi yana ihu. "Na kama! Baba, na kama!" Can ya ji ana jan sa, jirgi ya fara tafiya da baya. Sai ihun ya sauya. "An kama ni! Baba, an kama ni!"

Kun san abin da ya manta? Tun da aka fara sana'ar nan, mai gashi ke zuwa da fatsa ɗaure a cikin gashinsa. Zabuwa ce ke yin wannan kullum, Kurege bai taɓa ko tambaya ba. Jela zalla ya miƙa wa kifi, kyauta, har da cokalin ci.

Giwan ruwa ya ja, Kurege ya riƙe. Ya ja, ya riƙe. Jela ta fara ƙara ɗas-ɗas a gindi. Tsoro ya kama Kurege na gaske, don in jelar nan ta tafi, da wane ido zai shiga kasuwa? Sai ya haɗiye kuka ya waiwaya.

"Ranka ya daɗe, sarkin tafki! Aiko ni aka yi. Musu ya hana mu barci a gaɓa, aka ce in tambaye ka. Wane haɗi ka fi so? Damo ya ce jan cokali da gashin zakara."

Kifi ya ce, "Mmm." Bai saki ba.

"Bushiya ta ce tagulla da gashin agwagwa."

"Mmm-mmm!" Ya ƙara dantsewa.

Kurege ya ce, "To na gane. Bari in sanar da su daga nan." Ya ɗaga murya yadda duk tafki zai ji. "Jama'a! Sarkin kifi ya zaɓa! Ya bar gashin Zabuwa, ya ce ba abin da ya fi masa daɗi kamar jelar da nake share ramina da ita!"

To, a tafkin nan ba a haifi wanda zai ji an yi kuskure a zancen haɗi ya yi shiru ba, ko da kifi ne. Giwan ruwa ya wangale baki.

"Tir! Wa ya faɗa? Farin cokali da gashin Zab..."

Fit! Kurege ya zare jela ya faɗa cikin jirgi. Cokali ya kwance ya nutse. Jela ta dawo, amma rabinta tsirara kamar ta ɓera.

Washegari Zabuwa ta ari cokalin Damo, suka fita da Kunkuru. Kafin rana ta take sai ga su da giwan ruwan nan, ko da yake cokali ba fari ba ne, amma gashin nata ne, kuma da fatsa. Kurege yana gaɓa, ya zauna a kan jelarsa kada a gani. Da aka buɗe bakin kifi, sai ga gashin kurege cunkus a muƙamuƙi. Ya yi tsalle.

"Tsakiya ta mai gashi ce! Ga gashina nan, kowa ya shaida!"

Zabuwa ta ce, "Gaskiyarka, ɗan nan. Ba a cin haƙƙin kowa a tafkin nan." Ta sa baki ta tsinto gashin tas, jiƙaƙƙe mai ƙarni, ta danƙa masa a hannu. "Ga naka. Wanda ke da fatsa a ciki shi ne nawa."

Jama'a suka kwashe da dariya, Damo har da birgima. Kurege ya tsaya da gashi a hannu. Ana cikin haka Kunkuru ya ajiye filafilinsa na tuƙi, ya miƙo wuya, ya ja numfashi.

"...da na ɗaura fatsa."

Tun daga ranar Kurege ba ya zuwa bakin ruwa, kuma in kun lura, kullum jelarsa a ɗage take a bayansa, yana waiwayen ta.

Ƙurunƙus kan giwan ruwa, Kunkuru ya kai gida! Wanda duk zai yi su da jelarsa, ya daure ya bari tsoho ya ƙarasa magana tukuna.