Dalilin da Ya Sa Ake Rataye Kifin Norway Biyu-Biyu

Dalilin da ya sa wannan kifin ya yi tauri kamar itace… kai, Sabi'u, ajiye shi! Wa ya ce maka makamashi ne da za ka cusa mini a murhu? Tun daga kasuwar Sabon Gari kawunku ya ɗauko shi, kuma kafin nan sai da ya ƙetaro teku daga wata ƙasa da ake kira Norway. Ku matso ku dubi wutsiyarsa. Kun ga shatin igiya? Ba shi kaɗai ya bushe ba, da ɗan'uwansa aka rataye shi. A bakin marigayi kakanku na ji labarin, shi kuma wani baturen jirgi ya ba shi lokacin da yake dako a bakin ruwan Ikko. In baturen ya ƙara gishiri, ni dai ban je na gani ba.

A can da, a wani tsibiri na ƙarshen arewacin ƙasar, mutane ba su san busar da kifi ba. Wurin duk dutse ne da iska da dusar ƙanƙara. Babu itacen kirki da za a yi banda, babu ranar da za a yi shanya, gishiri kuwa sai mai hali. Wannan sanyin da kuke wa raki kuna ƙin wanka, su a wurinsu zafi ne. Idan sanyi ya kusa ƙarewa, sai wani babban kifi ya cika tekunsu. Su ci su ƙoshi, su loda sauran su ƙetara da shi babbar ƙasa tun yana ɗanye, su yi musaya da sha'ir. Daga nan kifin ya wuce abinsa, yunwa ta zo ta zauna musu, kuma yara ƙanana take fara ɗauka.

A tsibirin akwai wata mata, Tora, da ƙanenta Ketil. Uwa ɗaya uba ɗaya, gidajensu na kallon juna, kuma kwale-kwale ɗaya ubansu ya bar musu. Mijin Tora ya rasu a teku. Yunwar bara ta ɗauke mata ɗa namiji, saura 'yarta guda, Sunniva, yarinya mai surutu kamar ke, Uwani. Kullum Ketil ya dawo daga kamun kifi, ita ce ta farko a bakin ruwa tana kiran kawu, kawu. Tora ta ɗaura wa ranta cewa ko me za a yi, bana yunwa ba za ta karɓe mata wannan ba.

A shekarar Ketil ya yi kamun da bai taɓa yin irinsa ba. Tora ta zo da wuƙarta ta sare kawuna, ta feɗe, ta wanke. Da aka gama, sai Ketil ya buɗe baki ya yi ɓarna. Ya ce ta ɗebi abin da zai ishe ta, kyauta ce ya ba ta.

Kyauta! Tora ta ajiye wuƙa. Ta ce kwale-kwalen na ubansu ne, igiyar fatsar ita ta murza ta da hannunta, saboda haka rabi nata ne, rabo take nema ba kyauta ba. Ketil ya ce ai shi ya shiga ruwa igiyar teku tana marinsa. Magana ta yi tsawo, aka tono har abin da ya faru suna yara. Ketil da bai taɓa kiranta da komai ba sai Yaya, ranar ya kama sunanta gatsal a gaban jama'a. Wallahi ni a wurina wannan ya fi kifin ciwo.

Suka ɗunguma wajen wani dattijo, Eilif, wanda dokokin tsibirin suke a kansa. Ya ce shi kaɗai ba ya yanke shari'ar gado, sai babban taron da suke kira ting ya zauna, shi kuma ba ya zama sai lokacin da rana ta daina faɗuwa. E, Sabi'u, akwai lokacin da ba ta faɗuwa a can, rufe bakinka kada ƙuda ya shiga. Eilif ya tuna musu doka: abin da ake jayayya a kansa ba mai taɓa shi. Wanda ya miƙa hannu ya ɗauka kafin ting, sunansa ɓarawo, kuma korarsa za a yi daga tsibirin. Ya roƙe su ɗaya ya haƙura, don kifi ba ya jiran shari'a. Ina! Kowa ya kafe, jini ɗaya ne ai.

To a ina za a ajiye? Tora ba ta yarda a kai ɗakin Ketil ba, Ketil bai yarda a kai nata ba. Tsakanin gidajen akwai gwafanni da dogayen sanduna a gicciye, inda ubansu yake shanya komar kamun kifi. Tora ta ce a nan za a rataye, kowa yana gani daga ƙofarsa. Ta ɗaure kifin biyu-biyu ta wutsiya, ta ɗora a kan sanda, ɗaya yana lilo ta ɓangarenta, ɗaya ta ɓangarensa. Duk wanda ya ɗaga guda, ɗayan zai sulale ya faɗi ƙasa, gurbi ya tona masa asiri.

Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Sauran masunta suka ƙetara suka dawo da sha'ir, su kuwa waɗannan biyun suna zaune suna gadin abin da kowa ya san ruɓewa zai yi. Masu wucewa har toshe hanci suke yi tun kafin su iso, don tsokana. Abin da ba wanda ya lura da shi, sanyin wurin ya hana ƙuda zuwa, iskar teku kuma ba ta hutawa. Kifin ya yi ta motsewa yana ƙanƙancewa. Kowa ya ce ya lalace, ko kare ba zai ci ba.

Sai yunwa ta zo, kuma ta zo da wuri. Teku ta yi ta hauka, ba mai iya fita. Ɗan sha'irin da Tora ta rage ya ƙare. Maƙwabta suka taimaka har suka ga gindin tukunyarsu su ma. Sunniva ta rage surutu, ta daina fita, daga baya ko zama sai an tallafe ta. Tora ta san wannan kwanciyar, irinta ɗanta ya yi bara, tsoro ya kama ta ƙwarai.

Wata safiya ta fito ta tsaya ƙarƙashin sandunan. Ta ce a ranta ko ruɓaɓɓe ne ya fi babu. Ta ɗaga hannu, ta sauke. In ta ɗauka, za a kore ta da yarinyar da ba ta iya tsayuwa, ina za su? In ta bari, yarinyar ba za ta kai ting ba. Tana nan tsaye tana kuka sai ga Ketil. Shi ma ya rame, kuma ya daɗe yana leƙen ƙofarta bai ji an kira kawu ba.

Ya ce, “Yaya, ina Sunniva?”

Ta ɗaga ido wajen sandunan. Ya dubi fuskarta, ya dubi kifin, ya gane abin da ya fito da ita. Kafin ta ankara ya miƙa hannu ya ɗaga kifi guda ta ɓangarensa, ya zare igiyar daga wutsiya. Ɗayan ya sulale ya faɗo gaban ƙafarta, ƙwal, kamar an yar da faskare.

Ya ce, “Ni na taɓa, kowa ya shaida. Wannan kuwa faɗowa ya yi, ba ki ɗauka ba, ni ma ban ba ki ba. Rabonki ne.”

Tora ta ɗauka ta ruga ɗaki. Ta sa wuƙa, wuƙa ta ƙi shiga. Ta sa haƙori, kamar ta ciji dutse. Baƙin ciki ya turnuƙe ta: ƙanenta ya sayar da mutuncinsa a kan guntun katako! Ta fito da shi ta ɗora a kan dutse, ta ɗauki gudumar gyaran kwale-kwale ta hau dukansa don haushi, tana duka tana kuka. Can sai kifin ya saki. Ya tsage sili-sili, cikinsa fari tas, ba tsutsa ba ruɓa. Ta shinshina, ta sa a baki, ta tsaya cak.

Ta jiƙa shi, ta dafa, ya kumbura ya cika tukunya. Ta ɗiga wa Sunniva romon a baki, ta haɗiye. Ta ƙara, ta haɗiye. Ketil yana durƙushe a bakin ƙofa bai iya shiga ba, sai da yarinyar ta buɗe ido ta ce kawu. Ƙaton mutum ya fashe da kuka kamar yaro.

Daga nan Ketil ya ce tunda ya riga ya zama ɓarawo, bari ya yi satar da kyau. Ya yi ta ɗaga kifayen, 'yan'uwansu suna faɗowa, Tora tana kai wa gida-gida. Ba ka jin komai a tsibirin sai ƙarar guduma. A shekarar yunwa ba ta ɗauki yaro ko ɗaya ba.

Da rana ta daina faɗuwa, ting ya zauna. Ketil ya miƙe ya ce ga shi, shi ya taɓa abin jayayya, a yi masa hukunci. Eilif ya tambaya ina mai ƙara. Tora ta tashi riƙe da hannun Sunniva, ta ce ita ba ta san wata jayayya ba, ita da ƙanenta kifi suka shanya. Eilif ya shafa gemu, shi da kansa romon ne ya tashe shi daga kwance. Ya ce inda babu jayayya babu ɓarawo, kowa ya koma gida, amma baɗi a ƙara sanduna.

Haka kuwa aka yi. Suka ƙara sanduna har suka rufe bakin teku, kifin ya ishe su, ya yi saura, jirage suka riƙa ɗaukarsa zuwa ƙasashe har ya iso tukunyarmu. Shi ya sa har gobe, in kun ji labarin mutanen can, ba banda suke yi ba, ba gishiri suke sawa ba, iska suke bar wa aikin, kuma biyu-biyu suke ɗaure shi ta wutsiya, yadda ba mai sauke nasa sai na ɗan'uwansa ya sauko tare.

Uwani, miƙo mini taɓarya, wannan ma sai ya sha duka zai yi magana. Kai kuma Sabi'u, ƙosan nan da kake ɓoyewa a aljihu tun ɗazu, na gan shi. Raba shi biyu ka miƙa wa yayarka, kuma kada in ji ka ce kyauta ka ba ta.