Hoton da Bai Samu Tauraro Ba

A wani ƙauye da ke arewa da Ɗanbatta, inda gonar wannan ke manne da dangar wancan, akwai wani saurayi mai ɗaukar hoto ana ce masa Zaharaddini. Yaro ne mai ladabi, ba ya wasa da salla, kuma hannunsa ya faɗa da kyamara. Aibinsa guda ne, gaggawa. Ko tuwo da zafinsa yake haɗiyewa.

Idan ya je biki ko suna, sai ya dawo da hotuna maƙil a katin kyamara, ya juye su a kwamfuta, cikin manhajar da ake tace hotuna. Ƙa'idar aikin ita ce a buɗe kowane hoto a duba, a ba shi taurari. Mai kyau sosai ya samu biyar, na tsaka-tsaki uku, wanda ya lalace a bar shi babu ko ɗaya. Da farko haka yake yi. Daga baya ya ga abin yana cinye masa yini, sai ya samo gajeriyar hanya. Ya riƙa jera hotunan ƙanana-ƙanana a fuskar kwamfutar, kowanne bai fi akwatin ashana ba, ya bi su da ido a guje. Inda mutane suka tsaya cak suna kallon kyamara ya danna musu taurari. Sauran ya tattara su gaba ɗaya ya goge, ya share katin don aikin gobe. Har alfahari yake yi da wannan a majalisa.

Shi ne ɗan fari a wajen mahaifiyarsa, Inna Maijidda, kuma kun san alkunyar ɗan fari a wajenmu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Yana ƙarami "yaron nan" take cewa, da ya girma ya koma "Mai-hoto". Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta haɗa ido da shi. In ya ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kai, kau da abin nan. Je ka ɗauki masu kwalliya."

Bayan an gama girbin gero, ƙanwarsa Rukayya ta sauke Alƙur'ani, aka yi walima a gida. Da aka kira la'asar ya ɗora kyamarar a kan turmi, ya tsuguna yana alwala. Rukayya ta lallaɓa ta ɗauka. A nan Allah ya ba ta abin da yayanta ya yi shekaru bai samu ba, ta ɗauki Inna fuska a buɗe, Inna ba ta sani ba.

Da magariba Rukayya ta matso kusa da yayanta. Inna tana gefe tana haɗa kwanuka, in ta ji kuwa cewa za ta yi a goge, don haka raɗa kawai Rukayya ta yi.

"Yaya, na ɗauki wasu da kyamararka. Don Allah ka buɗe su ka gani."

"Ke da ko ludayin koko kika riƙe sai ya yi rawa? Allah ya sa ba ki ɗauko min ƙafafun awaki ba."

"Ni dai ka duba."

"To, Malama, na ji."

Washegari yana da ɗaurin aure a Ɗanbatta. Ɗan acaɓa yana ƙofar gida yana ta danna oda, shi kuma yana kan kwamfuta yana rabon taurari. Ya hangi wasu 'yan hotuna a karkace, da duhu-duhu, ya gane na Rukayya ne. Ya yi dariya, ya ce a ransa ai waɗannan ba sai an buɗe ba. Suka bi sahun marasa tauraro. Ya goge, ya share katin, ya haye babur. Da Rukayya ta tambaye shi bayan kwana biyu, takalmi yake sawa, ya ce, "Sai na samu sarari." Ta ɗauka suna nan.

Farkon damina zazzaɓi ya kwantar da Inna. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita, kwana ya ƙare. Allah ya jiƙanta.

Da 'yan zaman makoki suka watse, Rukayya ta same shi a zaure.

"Yaya, ka wanko min hoton Inna."

"Wane hoto? Inna ta taɓa yarda na ɗauke ta?"

"Na ranar walima. Wanda na ce ka duba."

 Ya yi maza ya buɗe kwamfutar. Ga Rukayya da allonta, ga malaman Islamiyya, ga 'yan matan unguwa sun sha lalle, kowanne da taurarinsa biyar reras. Babu Inna. Ya duba inda gogaggun hotuna ke taruwa, ya tarar shi da kansa ya daɗe da kwashe su.

Ya hau motar Kano, ya je wajen masu gyara a kasuwar waya. Wani ya jona katin a na'urarsa ya daɗe yana dubawa.

"Ka ci gaba da aiki da shi bayan ka goge?"

"Duk bukukuwan rani da shi na yi."

"To sai haƙuri, ɗan'uwa. Sababbin sun hau kan tsofaffin. Ga amare nan dai birjik, in su kake so."

Ya shiga shago na biyu, ya shiga na uku, magana ɗaya ce. Abin da ya rage a gidan sai hoton katin zaɓen Inna, ɗan mitsitsi, ya koɗe, ta ɗaure fuska kamar ba ita ba.

Ya dawo ya zauna a kan turmin nan. Can ya ce, "Rukayya, faɗa min abin da ke cikinsa."

"Kana tsugune kana alwala, ka juya baya. Ita kuma tana ƙofar madafi da kwanon furar da ta ɓoye maka. Mayafinta ya zame. Tana murmushi."

"Wa take kallo?"

"Kai mana, Yaya. Ban taɓa ganin ta kalli wani haka ba."

Ya rufe fuskarsa da hula. Mutumin da ya ɗauki fuskar kowa a garin, yau a bakin ƙanwarsa yake neman fuskar uwarsa. Har yanzu, in abin ya taso masa, sai ya kira ta ya ce, "Sake faɗa min." Ita kuma ta sake.

Darasin da ke cikin wannan labari, 'ya'yana, shi ne kada sauri ya sa ku yanke wa abu hukunci ba ku dube shi ba. Abin da ya zo a karkace, ba kwalliya, wataƙila shi ne mafi daraja a cikin abin da Allah ya ba ku. In na ƙasa da ku ya ce ku tsaya ku duba, ku tsaya. Aikin da aka jinkirta ana iya ƙarasa shi gobe, amma akwai abin da in aka goge shi ba ya dawowa. Allah ya ba mu natsuwa, ya jiƙan iyayenmu.