Akwatin da Ya Sha Tabar Ofelia

Akwai wani dattijo a unguwarmu ta Union City, nan New Jersey, mai suna Eusebio Quiñones, ana ce masa Don Eusebio saboda girmamawa. Shekararsa saba'in da uku. Daga birnin Tampa, can kudu, ya taso, bayan 'yarsa Maritza ta matsa masa lamba cewa ba za ta bar shi can shi kaɗai ba.

Ta kama masa ɗaki a hawa na uku, kusa da asibitin da take aikin jinya. Sai dai aikin ba ya barin ta numfashi. Ranar Lahadi take leƙo shi, wani makon ma ta tsallake. Ashe kaɗaicin da ta gudar masa ya riga shi isowa, har ya share ɗaki yana jiran sa.

Shekara arba'in da ɗaya Don Eusebio ya yi yana naɗin taba da hannu, irin mai kaurin nan ta ganye zalla, ba takarda. A wurin aikin ya haɗu da Ofelia, wadda ta zama matarsa. Teburinta na gefen nasa, kuma kowa ya san ta fi shi hannu, shi kaɗai ne bai taɓa yarda ba.

Kafin ciwo ya kwantar da ita, ta zauna a kicin ta naɗa masa kara goma sha biyar. Ta ce, "Ɗaya a shekara, ranar aurenmu. In ka sha biyu zan sani."

Shekara uku ke nan da rasuwarta. Saura goma sha biyu, kuma duk duniya ba wani abu da ya rage masa mai ɗauke da aikin hannunta sai su.

A Tampa bai taɓa damuwa da ajiyarsu ba. Iskar garin jiƙe take, ita ke yi masa gadi. Da zai taho arewa ne ya wanke wata babbar kwalbar zaitun, ya jera su ciki tare da ɗan jiƙaƙƙen soso, ya murɗe murfi. Lafiya lau suke a ciki.

Ranar Kirsimeti Maritza ta ga kwalbar, ta kama baki.

"Haba Baba! Aikin Mama a kwalbar zaitun?"

Ba a rufa kwana uku ba ta aiko masa da akwatin ajiyar taba sabo fil. Bayansa na sheƙi, cikinsa katakon sida mai ƙamshi, ga ɗan agogo a goshinsa mai allura, na auna danshi.

Da safe ya sauko zubar da kwalin, sai ya ci karo da mutumin hawa na ɗaya, Teófilo Almonte, tsohon direban bas ɗan Jamhuriyar Dominika, wanda kowa ke kira Teo. Wata biyu suna gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Teo ya ga hoton jikin kwalin ya ce, "Kai, maƙwabci, an yi sabon ɗaki! Allah ya sa dai ba ka kai amare ciki ba tukuna."

"Yanzu zan kai su."

"A'a, dakata. Akwatin nan ƙishirwa yake ji. Ka sa masa tataccen ruwa a ɗan kofi, irin na kantin magani, ka rufe shi mako biyu. Sai ya ƙoshi sannan ka ba shi amana."

Don Eusebio ya dube shi sama da ƙasa.

"Me ka ce aikinka a da?"

"Tuƙin bas. Shekara talatin."

"To ni tun kafin ka san inda birki yake nake shafa ganyen taba. Da yatsa nake gane danshi, ba da agogo ba. Ka ji da sitiyari, direba, ka bar wa masu taba tabarsu."

Teo ya yi murmushi, ya ba shi hanya. "Allah ya ba da sa'a, gwani."

A ranar Don Eusebio ya jera kara goma sha biyu a sabon akwati, ya ɗiga ruwa kaɗan a soson da ke maƙale a murfin, ya ɗora shi a kan kanta kusa da bututun ɗumama ɗaki, inda zai riƙa ganin sa daga kujera. Kwalbar kuwa ya jefar.

Bari in tsaya nan kaɗan, don abin nan yana burge ni. Busasshen katako ba ya zama shiru. Duk abin da ke kusa da shi mai laima, sai ya zuƙe rabonsa. Ba ya tambayar na wane ne. Ya shanye na soso a yini ɗaya, ya juya kan ganye. Ga bututun ɗumi kuma yana ƙona iskar ɗakin safe da yamma. Shi dattijo yana ganin ya sa su a gidan sarauta, alhali ya haɗa su da ɓarawo ya kulle ƙofa.

Allurar agogon ta sauka ta tsaya wajen arba'in da biyar, maimakon saba'in ɗin da taba ke so. Ya gani sarai. Ya ce kayan zamani ne, ƙarya suke yi.

Kwana goma sha biyu bai buɗe ba. Ranar da ya buɗe, da hantsi, ya ɗauki ɗaya ya ɗan matsa a gefen kunnensa yadda ya saba. Maimakon ta lotsa ta dawo, sai ya ji ƙaras, kamar an taka busasshen ganye.

Ya duba sauran. Biyu sun tsage tun daga kai har gindi, rigarsu, wato ganyen da aka naɗe su da shi ta waje, ta ɗaye. Ragowar sun yi tauri kamar itace.

Hankalinsa ya tashi. Ya ɗauki ɗaya cikin masu tauri ya ruga famfo, ya jiƙa tsumma ya naɗe ta, ya ajiye ta a kan bututun don ta sha tururi. Kafin azahar cikinta ya kumbura, rigar ta kasa ɗauka, ta fashe a hannunsa.

Uku sun tafi.

Ya zauna a kujera da ɓurɓushin ganye a tafin hannu. Ya kira Maritza, wayar ta kai shi wajen barin saƙo. Ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai fara, ya kashe. A waje dusar ƙanƙara na sauka. A ɗakin ba motsin komai sai bututun da ke ta ƙwanƙwasa kansa.

Ya daɗe a haka. Sannan ya rungumi akwatin ya fita. Hawa biyu ne tsakaninsa da ƙofar Teo, amma bai taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba.

Teo ya buɗe, ya kalli akwatin, ya kalli fuskar mai shi.

"Gwani da kansa? Yatsan ne ya tafi hutu?"

"Faɗi duk abin da za ka faɗa, na cancanta. Amma matata ce ta naɗa su. Ba za a sake samun wasu ba."

Dariyar ta ɓace daga fuskar Teo. Ya matsa gefe. "Shigo, ɗan'uwa. Ajiye a tebur."

Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya ce tara za su iya rayuwa, in an bi su a sannu.

"A sannu kamar yaya?"

"Kamar wanda ya daɗe da yunwa. Ba a tura masa tukunya, cokali-cokali ake ba shi. In ka ba su ruwa da yawa lokaci guda, cikin zai riga rigar kumbura."

Don Eusebio ya sunkuyar da kai. "Na gani da idona ɗazu."

Teo ya ɗauko wata roba mai murfi ya jera su ciki da danshi kaɗan, wajen sittin. Ya ce duk mako za su ƙara kaɗan, suna juya su, har su kai saba'in. Sai ya juya kan sabon akwatin. Ya cire agogon ya sa shi a leda tare da jiƙaƙƙen gishiri cikin murfin kwalba, ya ɗaure.

"Gobe in ya nuna saba'in da biyar, mai gaskiya ne."

Washegari ya nuna saba'in da biyar cif. Teo tari kawai ya yi, irin wanda ya fi magana ciwo.

Suka zuba tataccen ruwa a ɗan kofin gahawa, suka sa a tsakiyar akwatin. Don Eusebio ya ɗauko tsumma zai shafe katakon don a yi sauri, Teo ya riƙe masa hannu.

"Ka jiƙa shi ya karkace, murfin ya daina kamawa? Bar shi ya sha da bakinsa. Kwana goma sha huɗu, kuma ba leƙe."

"Ranar ashirin da uku ga Fabrairu fa, ranar aurenmu, nake bukatar ɗaya."

"To ka fara addu'a, ka daina gaggawa."

Akwatin ya koma hawa na uku, can ƙuryar da ɗumin bututu ba ya kaiwa. Tabar ta zauna a wurin Teo. Kwanakin nan sun yi wa dattijo tsawo. Ya kan zauna ya zuba wa rufaffen akwati ido, hannunsa na ƙaiƙayi. Sau biyu ya kai yatsa kan murfin ya janye.

Kullum da hantsi sai ya sauko, wai ya zo duba marasa lafiya. Teo ya ce ba a buɗe su kullum, amma tunda ya zo, ga gahawa, ga wasan domino. Da farko tsaye yake sha. A mako na biyu har yana da kujerarsa.

A nan ya lura da wani abu. Teo na da nasa akwatin, babba, cike, allurarsa ba ta gusawa daga saba'in. Amma bai taɓa ganin ya kunna ko ɗaya ba.

"Direba, ajiyar wa kake yi?"

"Likita ya raba mu shekara shida da suka wuce. Zuciya."

"To wahalar me kake sha da ruwa da agogo?"

Teo ya juya ɗan domino a hannunsa. "Matata ta koma ƙasarmu, can Santiago, wajen 'yan'uwanta. Yarana suna Texas, sai a waya. Akwatin nan ne kaɗai a gidan nan da zai lalace in ban tashi da safe ba."

Don Eusebio ya ajiye ɗan wasansa a inda bai dace ba, Teo ya cinye shi, kuma a ranar bai yi gardama ba.

Da kwana goma sha huɗu suka cika, allurar ta haura tamanin. Suka cire kofin, suka jiƙa soson murfin daidai, ba ɗiga. Bayan kwana biyu ta sauko ta tsaya a saba'in, ta ƙi motsi. Tabar kuwa sai da ta ƙara mako uku a roba kafin Teo ya yarda a mayar da ita gida.

Ranar ashirin da uku ga Fabrairu Maritza tana bakin aiki. Ta turo saƙo da hoton zuciya. Da la'asar, rana ta ɗan leƙo, dattijan biyu suka zauna a matakalar ƙofar gida cikin rigunan sanyi masu kauri.

Don Eusebio ya matsa tabar a gefen kunne. Ta lotsa, ta dawo. Ya yanke kan, ya kunna a hankali, ya ja.

Ya busa hayaƙin sama.

"Yaya?" in ji Teo.

"Ƙamshin ya ragu. Akwai wani zaƙi-zaƙi da take da shi can ƙarshen harshe, ya tafi."

"Wannan ba ya dawowa. Da na faɗa maka tun farko, na ga ba za ka iya ɗauka ba."

"Amma ji yadda iska ke bi." Don Eusebio ya sake ja. "Ba toshewa, ba rami. Shekara arba'in ina cewa na fi ta. Ƙarya nake, direba. Ban taɓa naɗa irin wannan ba."

Teo ya ja jiki ya koma ɓangaren da iska ke kai hayaƙin, ya lumshe ido ya shaƙa.

"Likita bai hana ni zama kusa da mai sha ba."

Suka zauna har ta kusa ƙarewa. Don Eusebio ya dubi guntun da ke hannunsa ya ce, "Saura takwas."

"Takwas," in ji Teo. "Ka ga dole ka daure ka ƙara shekara takwas kana shan kashi a domino. Ni dai ina hawa na ɗaya."

Darasi: Duk abin da ya bushe, katako ne ko zuciya, in ka ba shi amana kafin ya ƙoshi, amanar zai sha. Gwaninta a wani fage ba ta hana ka zama ɗan koyo a wani, kuma sau da yawa wanda ka raina a matakala shi ke riƙe da abin da zai cece ka. Haƙuri yana gyara ɓarna, amma ba ya mayar da duk abin da girman kai ya cinye, don haka ka saurara tun abin naka yana cikakke. Ka tura wannan labari ga wanda ka san yana gaggawa, kuma in akwai dattijon da ke zaune shi kaɗai kusa da kai, kada ka jira sai ya rungumo akwatinsa: ka riga shi ƙwanƙwasa ƙofa.