Takalmin da Jatau Ya Ajiye Don Ranar Tuta

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani manomi, sunansa Jatau. Mutum ne mai fara'a, mai son waƙa, mai kuma son a gan shi tsaf a cikin jama'a. Tun da ya yi aure bai ƙara taka ƙasa da tafin ƙafarsa ba. In fadama zai shiga, dogon takalmin roba. In sujada zai je, sau-ciki mai tudun dunduniya, wanda ke matse masa yatsu har su hau juna.

Ikilisiyar ƙauyen nan tana da wata al'ada. Kowace shekara bayan girbi, Zumuntar Maza sukan taka da ƙafa, su haye dutsen, su gangara ƙauyen da ke bayansa domin taron godiya. Mutum ɗaya ake zaɓa ya riƙe tuta a gaba. Da zarar an hango rufin majami'ar masu masauki, sai mai tuta ya sheƙa da gudu shi kaɗai, ya kafa ta a bakin ƙofa. Sa'an nan ne ake buga ganguna, mata su fito da guɗa. Jatau ya daɗe yana marmarin wannan gudu. Ana nan, tun damina ba ta yi nisa ba, dattawa suka kira shi suka ce, "Bana kai ne mai tuta."

Da labari ya kai wa 'yarsa Rifkatu, wadda take aiki a asibiti a birni, a sashen da ake koya wa masu rauni tafiya, sai ta zo gida da tsaraba. Takalma ne iri ɗaya, na mutum biyu: na babanta, da na Tanimu, ɗan kawunsa, abokin wasansa, wanda danga ce kawai ta raba gidajensu.

Jatau ya ɗaga takalmin ya juya shi. Ƙasansa siriri kamar fatar ganga, ba tudu ko kaɗan a dunduniya, gabansa kuwa da faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ya naɗe shi a hannu ɗaya, ya sake shi, ya miƙe da kansa.

Ya ce, "Rifkatu, wannan takalmi ne ko safa?"

Tanimu ya ce, "Ai daidai da kai ne. Dā ma tafiyar agwagwa kake yi."

Rifkatu ta yi dariya ta ce, "Baba, ku saurare ni. Allah ya yi ƙafa da ƙananan tsokoki da jijiyoyi masu yawa, kowanne da aikinsa. Takalmi mai kauri ya karɓe musu aikin, duk sun yi barci. Wannan kuwa kamar tafiya ba takalmi ne, ƙaya da kwalba kawai yake tarewa. Zai tashe su. Amma fa a hankali! Ku fara daga nan zuwa rijiya. In ƙafa ta saba, sai gona. Gudu kam sai can gaba."

Jatau ya ce, "Ni za ki koya wa tafiya? Ni da na bi awaki a kan dutsen nan ba takalmi, tun uwarki ba ta yi wayo ba?"

Ta ce, "Waccan ƙafar yaro ce, Baba. Wannan ta dattijo ce."

Aka yi dariya, aka ci tuwo, kashegari ta koma bakin aikinta.

To, a ƙauyen nan kowa ya san ba a sa sabon abu kafin ranarsa. Kayan Kirsimeti a akwati suke kwana da kafur, sai safiyar bikin su ga rana. Haka Jatau ya tashi ya gani, haka kuma ya yi. Ya naɗe takalmin a tsohon zane, ya tura shi ƙasan akwati, ya rufe.

Matarsa Kande ta ce, "Baban Rifkatu, ba cewa ta yi ka riƙa sawa ba?"

Ya ce, "Kande, ina kika taɓa ganin an sa sabon abu an je ɗebo ruwa? Ranar tuta zan fito da shi fes, kowa ya gani."

Tanimu kuwa tun washegari ya zura nasa ya nufi rijiya, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a kan yashi mai zafi. Jatau ya leƙo ta kan danga ya ce, "Sannu, amarya! Wa ya sa maki lalle?"

Tanimu ya ce, "Yi dariyarka. Ni dai yau na san akwai tsakuwa a ƙofar gidana."

Sha-raɓarsa ta yi tsami, ya huta, ya koma tsohon takalminsa, ya sake gwadawa. Daga rijiya sai gona, daga gona sai kasuwar ƙauye. Wata rana ma aka gan shi yana bin tunkiya da ɗan gudu-gudu. Kafin a yanke dawa, takalminsa ya koma launin ƙasa, har ba a gane asalin launinsa. Jatau yakan dube shi ya girgiza kai ya ce, "Kai dai ba ka iya adana kaya ba."

Ranar tafiya ta zo. Jatau ya fito da farar riga, tuta a hannu, takalmi sabo fil yana ƙamshin kafur. Maza suka ce, "Iye! Mai tuta ya sha kyau!" Aka ɗauki hanya da waƙa.

Da fari abin daɗi ne. Ƙafa ba nauyi, yatsu sun baje, har sanyin ƙasa yana ji. Ya ɗaga murya, yana buga dunduniya da ƙarfi yadda ya saba yi cikin sau-ciki. Da aka fara hawan dutse, sai ya ji kowace tsakuwa tana gaishe shi. Can gaba kaɗan sha-raɓarsa ta ɗaure kamar an cusa mata dutse, agararsa tana ja kamar tsirkiyar baka. Ya rage waƙa. Daga nan ya bar waƙar gaba ɗaya, yana motsa baki kawai. Amma ya cije, ya kai saman dutse.

Sai ga rufin majami'a can ƙasa yana walƙiya. Maza suka ɗauka baki ɗaya, "Mai tuta, gudu! Mai tuta, gudu!"

Jatau ya ja numfashi ya zabura. Bai yi nisa ba ƙafafun suka ce sun gama. Ya zauna daɓas a kan wani falalen dutse, ya dai ɗaga tutar sama da hannu biyu don kada ta taɓa ƙasa. Can ƙasa kuwa makaɗa sun riƙe sanduna suna jira.

Tanimu ya ƙaraso ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Amarya, lallen ne bai bushe ba?"

Jatau ya dubi takalminsa mai sheƙi, ya dubi na Tanimu mai launin ƙasa. Ya so ya ce a ba shi ɗan lokaci, amma ya san ko tsayuwa ba zai iya ba. Ya miƙa masa tutar ya ce, "Karɓi, ja'iri. Kada mutane su tsufa suna jira."

Tanimu ya gangara da gudu, ƙafafunsa suna taɓa ƙasa sama-sama kamar na ɗan akuya. Ganguna suka tashi, guɗa ta cika kwari.

Jatau kuwa a keken shanun da ke ɗauko wa matafiyan kaya ya shiga gari, tsakanin tukwane da itacen girki. Matan masauki da suka ga dattijo cikin farar riga a bisa keke, suka zaci babban baƙo ne, suka rangaɗa masa tasa guɗar. Kande, wadda ta rako keken don taya girki, tana biye, dariya ta hana ta tafiya. Shi ma ya kasa riƙewa. Ya ce mata, "Takalmin ba shi da laifi, Kande. Akwati na koya wa tafiya, ba ƙafata ba."

To 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Takalmin shi ne abin da Ubangiji ya ba mu kyauta: addu'a, Maganarsa, haƙuri, da gafara. Bai ba mu don ado ba, don tafiyar kullum ya ba mu. Ranar tuta kuwa ita ce ranar gwaji, ranar da ciwo ya shigo gida, ko aka yi maka babban laifi, ko aka ce ka tsaya a kan gaskiya alhali kowa ya kauce. Da yawa a cikinmu muna yi kamar Jatau. Muna naɗe bangaskiyarmu da kyau, muna cewa, "In babban abu ya zo, zan yi addu'a sosai." Amma wanda bai saba durƙusawa don ƙaramin abu ba, ran da babba ya zo gwiwa ba za ta san hanya ba. Wanda bai iya yafe wa maƙwabcin da akuyarsa ta ci masa wake ba, ta yaya zai yafe wa wanda ya ɓata masa suna?

Kada kuma mu dogara da ƙafar da muka yi gudu da ita muna yara. "Ai ni a gidan masu bi aka haife ni." Madalla! Yau fa?

Ku lura da wani abu kuma. Da Tanimu ya fara, sai da ya ji tsakuwa, sai da ya ji tsami. Mai fara tafiya da Ubangiji da gaske yakan fara jin abin da dā ba ya ji. Ƙaramar ƙarya ta soke shi, baƙar magana ta hana shi sakewa. Wannan ba alamar ɓata hanya ba ce. Zuciya ce take farkawa.

In ma ka riga ka zauna a kan dutse kamar Jatau, kada ka ji kunya. Ubangiji ba ya barin nasa a hanya, kuma yana da 'yan'uwa da za su ɗauke ka. Sai dai ya fi so ya gan ka kana gudu.

Saboda haka kada mu jira babbar rana. Wa ya ɓata maka rai a makon nan? Ba sai ka faɗa ba, na ga wasu sun riga sun sunkuyar da kai. In an tashi daga nan, kafin ka ci abincin rana, bi ta gidansa ka yi sallama.