Yadda Tabawa Ta Fitar da Rina Daga Gidan Cindo

Tun ƙasar nan tana kurmi, ba a sare ko itace ɗaya ba, wani maharbi ya sauka a bakin rafi shi da matarsa Tabawa. Sunansa Cindo. Cindo mai yatsa shida, hana ɓauna kiwo! Tsofaffi sun ce kibiyarsa kan bi nama har bayan dutse. Gidaje huɗu suka biyo shi, suka yi shinge.

Dukiyarsu kaf rumbu ɗaya ce, a tsakar gidan Cindo, cike da irin geron da za su shuka da ruwan fari.

Ana nan sai rina ta yi gida a ƙarƙashin jinkar rumbun. Ta harbi akuya, ta harbi mai zuwa ɗibar wuta, har mata suka daina shigowa daka. Cindo ya ɗauki gora da rana tsaka ya nufe ta. Kafin ya ɗaga hannu sau biyu ya tsinci kansa a rafi, ruwa har wuya. Da ya fito, ido ɗaya ya rufe saboda harbin rina, leɓe ya kumbura kamar kitse. Nan ya rantse da bakansa a gaban maza cewa gobe wuta zai sa mata.

Gaban Tabawa ya faɗi. Jinkar busasshiya ce, iri kuma yana ciki. Ta kuma san maharbi ba ya janye rantsuwa.

Ita mace ce mai kunya, amma kwana da kwanaki tana daka tana kallon rinar. Ta lura cewa da sanyin safiya a dunƙule suke, ba mai motsi, kuma in hayaƙin murhu ya bi ta wajen sai su yi laƙwas.

Tana shafa masa toka a fuska ta ce, "Maigida, ai wuta ka ce. Garwashi ma wuta ne. Bari in riƙe maka kaskon."

Ya ce to, tunda idon bai buɗe ba.

Gari na wayewa ta zuba ƙaiƙayi a kan garwashi, ta tura kaskon ƙarƙashin jinka. Hayaƙi ya turnuƙe. Ta kifa ƙwarya a kan gidan rinar, ta yanke shi daga sama da wuƙa, ta rufe da faifai. Ƙwaryar tana ta gurnani a hannunta.

"Shige gaba da bakanka," in ji ta a hankali. "Ni ban san hanyar daji ba."

Cindo ya gyara tsayuwa ya shige gaba, maza na yi masa kirari, ita tana biye da ƙwarya a ka. A gindin wata tsamiya ta ajiye, ta ja faifan da igiya daga nesa. Kowa ya san wanda ya yi aikin, amma ba wanda ya faɗa. Da ruwa ya sauka aka shuka irin, gero ya yi har aka ƙara rumbu shida.

Garin shi ne Tsamiyar Rina. Har yau in rina ta yi gida a can, ba a kai mata wuta. Matar gida ce ke tashi da sassafe da kasko da ƙwarya, maigida kuwa ya ɗauki sanda ya wuce gaba yana gyaran murya, maƙwabta na yi masa barka da ƙoƙari.